Wace Burauza Ce Ta Fi Rufa Asiri? Amsoshin Tambayoyinku

Saƙonni huɗu na zaɓo daga cikin waɗanda suka iso mini a wannan makon, kuma dukkansu a kan abu guda suke, wato burauza, manhajar nan da muke buɗe shafukan intanet da ita. Na taƙaita kowace tambaya, na kuma sakaya sunayen masu su da na ƙauyukansu.

Tambaya ta farko daga wani malamin firamare ce a yankin Jahun, wanda yake haɗa koyarwa da noman rani. Ya sayi sabuwar waya, ya tarar da Chrome a cikinta tare da wata burauzar da ta zo da wayar. Wata rana ya nemi farashin injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, kuma tun daga ranar duk shafin da ya buɗe sai tallan injin ya biyo shi, har a shafukan labarai. Yana so ya san wanda ya kai labarinsa, da kuma burauzar da ya kamata ya koma.

Malam, ka ɗauka ka shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka taya sa a wurin dillali guda, ba ka saya ba ka wuce. Ashe akwai wani yaro da ke biye da kai, yana lura da duk dabbar da ka shafa da duk farashin da ka yi jim a kansa, kafin ka kai ƙarshen kara labarinka ya riga ka isa wurin sauran dillalai. Haka yawancin shafukan intanet suke. Mai shafin yana ba kamfanonin talla wuri, su kuma su dasa 'yan ƙananan rubuce-rubucen kwamfuta waɗanda ido ba ya gani, su ajiye wata alama a burauzarka da ake kira kukis. Kukis iri biyu ne a aikace: akwai na shafin da ka shiga, wanda yake tuna cewa kai ne don kada a yi ta tambayarka kalmar sirri, kuma wannan mai amfani ne, akwai kuma na baƙon kamfani, wanda yake zaune a dubban shafuka, ya gane ka a nan, ya sake gane ka a can, ya haɗa tarihin yawonka wuri guda. Ko an toshe kukis, wasu suna gane waya ta kamanninta, kamar ƙirarta da girman fuskarta da harshen da aka saita ta a kai. Ƙari a kan haka, idan da Google ka yi binciken alhali asusunka na Gmail yana buɗe a wayar, to an rubuta binciken a cikin asusun naka, sai fa idan ka kashe wannan saitin.

Ba zan ce maka Chrome mummunar manhaja ce ba, domin ba haka ba ne. Tun fitowarta a 2008 ta yi suna wajen sauri, ana yawan sabunta ta, kuma tana da ƙarfi wajen tare masu kutse da gargaɗi kan shafukan damfara. Abin dubawa shi ne mai ita. Mafi yawan kuɗin da Google ke samu daga talla yake fitowa, don haka da wuya ya gina katangar da za ta tare kasuwarsa. A farkon 2020 kamfanin ya yi alkawarin kawar da kukis na baƙin kamfanoni daga Chrome cikin shekara biyu, ya yi ta ɗage lokacin, a 2024 ya sauya magana, daga bisani ya bar su yadda suke. Chrome ta wayar Android kuma ba ta karɓar 'yan ƙarin kayan aikin da ake liƙa wa burauza don toshe talla.

Uku nake ba da shawara a duba. Ta farko Firefox ce, wadda ta fito a 2004 daga Mozilla, kamfanin da ke ƙarƙashin wata gidauniya da ba don riba aka kafa ta ba. Ita ce babba guda da ta rage mai injinta na kanta a wayar Android, domin Brave da Opera da Edge da burauzar Samsung duk a kan ginshiƙin Chromium na Google aka ɗora su. Tun 2019 Firefox take toshe sanannun masu bin sawu ba tare da ka taɓa komai ba, kuma tana karɓar uBlock Origin, wani ƙarin kayan aiki na kyauta da ke hana talla saukowa. Wannan yana da amfani na biyu wanda mu mutanen karkara muka fi kowa jin daɗinsa: tallan da bai sauko ba bai ci data ba, kuma shafi yana saurin buɗewa inda sabis ke da rauni. Amma gaskiya ɗaya ce, mafi yawan kuɗin da Mozilla ke gudanar da aikinta daga Google yake zuwa, ladan barin Google a matsayin injin bincike na farko a cikin Firefox. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya kamfanoni daban-daban sama da dala biliyan 26 don irin wannan matsayi, kuma a watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya mamaye kasuwar bincike ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka idan ka sauke Firefox, ka shiga saiti ka sauya injin binciken, in ba haka ba ka sauya ƙofa ne kawai, ɗakin yana nan yadda yake.

Ta biyu Brave ce, wadda ta fito a 2016 ƙarƙashin jagorancin Brendan Eich, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Mozilla. Tana toshe talla da masu bin sawu tun daga ranar da ka sauke ta, kuma da yake ginshiƙinta ɗaya da na Chrome, da wuya ka ga shafin da ya buɗe a can ya ƙi buɗewa a nan. Abin da ba na so a cikinta shi ne tsarin ladan kuɗin kirifto da take tallatawa. Ba dole ba ne, ana iya ɓoye shi a saiti, kuma shawarata ka ɓoye shi ka ci gaba da harkarka. Ta uku ita ce DuckDuckGo, wadda ta fara a matsayin injin bincike a 2008 kafin ta fitar da burauzarta. Ita ce mafi sauƙin sha'ani, tana da wata alamar wuta da idan ka taɓa take goge shafuka da tarihi gaba ɗaya.

Zaɓin ya dogara ga wayar da ke hannunka. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu Tecno ne da Infinix da itel, na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma masu araha daga cikinsu ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce gigabait 2 ba. A irin wannan wayar Firefox takan yi nauyi, musamman idan an tara shafuka da yawa a buɗe, don haka Brave ko DuckDuckGo za su fi yi maka daɗi. Idan wayarka tana da gigabait 4 ko fiye, ni Firefox da uBlock Origin nake fifitawa, kuma ita nake amfani da ita, saboda bayan rufin asirin ina ganin bai dace duniya duka ta koma leƙa intanet ta tagar kamfani guda ba. Kada ka wahalar da kanka wajen cire Chrome, domin a yawancin wayoyi ba ta ciruwa. Ka bar ta don shafukan rajista na hukumomi da makarantu, irin su na JAMB da NECO idan za ka taimaki ɗalibanka, domin masu gina irin waɗannan shafuka sun fi gwada su da ita. Waccan burauzar da ta zo da wayar kuwa, ka kashe sanarwarta, ka duba izinin da aka ba ta. Burauza ba ta da hurumin ganin lambobin mutanenka ko saƙonninka.

Abu biyu suka rage, kuma sun kai sauya burauza muhimmanci. Ka buɗe myactivity.google.com, za ka ga jerin abubuwan da ka nema, ka goge su, ka kashe ajiyewar ko ka saita ta tana goge kanta duk bayan wata uku. Sannan a cikin saitin wayar, a ɓangaren Google, akwai wurin talla inda ake goge lambar shaidar da masu talla ke gane wayarka da ita. Ka kuma sani cewa burauza ba ta da iko a kan abin da ke faruwa a cikin Facebook ko TikTok ko YouTube, kuma idan ka taɓa adireshi a cikin Facebook, a cikin tasa burauzar yake buɗe maka shi, sai ka zaɓi a fitar da shi waje.

Tambaya ta biyu ta fito ne daga wani matashi mai sana'ar POS da ke cin kasuwar Wudil ranar Juma'a da ƙananan kasuwannin kewaye. Ya ce tun zamanin ƙananan wayoyin Nokia Opera Mini yake amfani da ita saboda ba ta cin data, kuma yanzu da kuɗin data ya tashi ba ya son rabuwa da ita, amma wani ya ce masa akwai haɗari idan yana shiga shafin banki da ita.

Ƙanina, uzurinka karɓaɓɓe ne, domin tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025 kowa yake lissafin megabait. Amma ya kamata ka san yadda wannan rangwamen yake samuwa. A tsarinta na matse data mafi tsanani, Opera Mini ba ta kai ka shafin kai tsaye. Buƙatarka tana fara zuwa manyan kwamfutocin kamfanin Opera, su buɗe shafin a madadinka, su rage nauyin hotuna da sauran kaya, sannan su turo maka abin da suka tace. Kamar mutumin da ba ya karatu ne ya kai wasiƙarsa wurin mai karanta masa: ko da mai karatun amintacce ne, wasiƙar ta zama ta mutum uku. Kullen da ya kamata ya kasance tsakaninka da banki kaɗai ana buɗe shi a tsakiyar hanya kafin a sake kulle shi. Ban ce kamfanin yana taɓa kuɗin kowa ba. Opera tsohon kamfani ne da aka kafa a ƙasar Norway, wasu masu zuba jari na ƙasar Sin suka saye sashen burauzarsa a 2016. Abin da nake cewa shi ne mai riƙe da kuɗin jama'a bai kamata ya ƙara hannu a tsakaninsa da banki ba alhali yana da wata hanyar. Ka bar Opera Mini don labarai da sakamakon ƙwallo. Harkar kuɗi kuwa ka yi ta da manhajar bankin kanta, ko da lambobin nan masu farawa da tauraro, ko da burauzar da ba ta bi da kai ta wani wuri.

Akwai ɗabi'ar da ta fi wannan damuna, kuma ta yi yawa a rumfunan waya na kasuwanninmu, wato tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender don tsimin data. Burauzar da aka turo maka ta haka tana iya zama tsohuwar da aka daɗe da gano ɓarakarta, ko kuma wadda wani ya cusa wa wani abu. Daga Play Store za ka sauke, ka kuma bari ta riƙa sabuntuwa, ko da sai ka jira garaɓasar dare. Idan wani ya kawo maka UC Browser, ka tuna cewa a 2015 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun nuna tana fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da kulle mai ƙarfi ba, kuma tana cikin manhajojin da Indiya ta haramta a 2020. Sannan alamar kwaɗo ko haruffan https da kake gani a gaban adireshi suna nufin hanyar a kulle take, ba suna nufin mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɗan damfarar da ya turo adireshin tallafin bogi a WhatsApp yana neman BVN da NIN shi ma yana iya sa wa shafinsa kwaɗon.

Tambaya ta uku ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wata matar aure ce daga yankin Rano ta aiko. Babbar waya ɗaya ce a gidansu, ta maigida, kuma ƙannensa da yaran gida duk suna ɗauka. Tana da juna biyu, takan so ta karanta abubuwan da suka shafi lafiyar mata waɗanda take jin nauyin tambayar kowa, kuma ba ta son wani ya ɗauki wayar ya gani. An gaya mata ta riƙa amfani da Incognito, wato shafin sirri da ke cikin burauza, tana tambaya ko ya isa.

'Yar'uwa, neman sani a kan lafiyar jikinki ba abin zargi ba ne, kuma kunyar da kike ji ta gidan mutunci ce. Ga irin matsalarki, wanda ya ba ki shawarar ya yi daidai, domin Incognito don haka aka yi shi: idan kin rufe shafukan, burauzar ba ta ajiye tarihin abin da kika buɗe ko abin da kika rubuta ba. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne mutane ke tuntuɓe. Dole ki rufe shafukan da hannunki idan kin gama, domin fita daga manhajar kawai ba ya rufe su, wanda ya ɗauki wayar bayanki zai tarar da su a buɗe. Duk abin da kika sauke, hoto ne ko takarda, yana nan a ma'ajiyar wayar, haka ma hoton fuskar waya idan kin ɗauka. Kada ki shigar da wani asusu a ciki. Mafi muhimmanci, kada ki yi binciken a dogon akwatin nan na Google da ke fuskar wayar, kada kuma ki yi shi a manhajar YouTube, domin su biyun a kan asusun maigida suke rubutawa, kuma washegari wayar za ta fara nuna wa duk wanda ya ɗauka bidiyo masu kama da abin da kika nema. Idan kina ganin za ki riƙa mantuwa, akwai Firefox Focus, 'yar ƙaramar burauza da ba ta ajiye tarihi kwata-kwata, tana da alamar kwandon shara da ake taɓawa sau ɗaya komai ya tafi.

Amma ki san iyakarsa. Incognito kamar share sawunki ne a tsakar gida. Mutanen gida ba za su ga inda kika taka ba, amma waɗanda ke bakin hanya sun ga wucewarki. Kamfanin layi yana iya sanin sunan shafin da aka ziyarta, ko da yake ba ya ganin abin da aka karanta a ciki idan shafin a kulle yake, kuma tun watan Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Shafin da kika shiga shi ma ya san an zo. Rashin fahimtar wannan iyaka ne ya sa wasu suka kai Google ƙara a jihar Kaliforniya a 2020, kuma a sasancin da aka bayyana a 2024 kamfanin ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara, ya kuma gyara bayanin da yake nunawa a shafin farko na Incognito. Ke dai waɗannan ba su ne damuwarki ba, idon gida kike gudu, kuma ga wannan ya wadatar. Ina roƙonki abu guda: abin da kika karanta kada ya maye gurbin zuwa awo. Idan kin ga jini, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani, asibiti za ki nufa a ranar.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a yankin Gumel, wanda abokansa suka ce masa VPN na kyauta ko Tor su ne maganin komai. A ƙarshen saƙon ya ambata, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa mai shagon da ya sayar wa mahaifinsa waya shi ya buɗe masa Gmail, kuma shi kaɗai ya san kalmar sirrin.

Ɗana, yawancinmu mun san VPN ne lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Aikinsa shi ne ya ɓoye wa kamfanin layi inda kake zuwa, amma sai shi mai VPN ɗin ya zama mai gani, kuma ba ya hana Google ko Facebook gane ka idan ka shiga asusunka. Tafiyar da irin waɗannan kwamfutoci kuɗi take ci, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa, don haka wanda ya ba ka kyauta ba tare da ka san inda yake samun nasa ba, ka yi hattara da shi. Idan lallai kana buƙata, Proton na ƙasar Suwizalan yana da tsarin kyauta wanda masu biyan kuɗi ke ɗaukar nauyinsa. Ka kashe shi kafin ka buɗe manhajar banki, domin ganin kamar daga wata ƙasa kake yana iya sa a tare ka. Tor kuwa burauza ce da ke bi da kai ta tashoshi uku ta yadda babu guda da ta san farko da ƙarshe a tare. Kariya ce ta gaske ga 'yan jarida da masu fallasa ɓarna, amma tana da jinkiri, kuma a inda sai an hau tudu ake samun sabis za ta gajiyar da kai a banza.

Maganar da ka ajiye a ƙarshe ita ce ya kamata ka fara da ita, domin da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya san kalmar sirrin Gmail ɗin mahaifinka yana iya zama a shagonsa ya ga lambobin mutanensa, da hotunan da wayar ta adana a asusun, da tarihin bincikensa, da kalmomin sirrin da Chrome ta ajiye masa, kuma babu burauzar da za ta tare wannan. Wataƙila mai shagon bai taɓa leƙawa ba, amma littafin da yake rubuta kalmomin sirrin mutane a ciki yana ajiye ne inda yaran shago ke kai hannu. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba ɗan ƙasa damar kai ƙorafi idan an yi wasa da bayanansa, sai dai gyaran da za ka yi da hannunka a yau ya fi sauri. Ka zauna da Baba bayan sallar la'asar, ku karɓi kalmar sirrin daga mai shagon cikin mutunci, ku sauya ta, ku tabbatar lambar da ake turo saƙon farfaɗo da asusun tasa ce, ba ta mai shago ba. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ku sa wa wayar makulli, kuma ranar da za a kai ta wurin mai caji a kashe ta tukuna. Daga nan ku shiga ɓangaren tsaro na asusun, inda ake jera duk wayoyin da ke ɗauke da shi, idan kun ga wadda ba ku sani ba ku fitar da ita kafin ku tashi daga tabarmar.